Kundin Buƙatu ko Zangon Mako Biyu: Wane Tsari Ya Dace da Tawagar Manhajarku?

Duk shugaban da ke riƙe da tawagar masu rubuta manhaja, idan ya fara tunanin barin tsarin gargajiya na gudanar da aiki ya koma wanda ake kira Ajayil, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce wanne ya fi sauri, wanne kuma ya fi sauƙin kuɗi. Wannan tambaya ba ta da amsa tsayayya, domin an ga ayyukan da suka lashe kuɗi suka mutu a ƙarƙashin kowannensu. Inda suka rabu da gaske shi ne ranar da ake gano kuskure. Ɗaya yana gano shi a ƙarshen tafiya, bayan kuɗi sun ƙare, ɗayan kuma yana neman gano shi duk bayan mako biyu, amma da sharaɗin cewa mai aikin, wato wanda ake gina wa manhajar, zai zauna ya duba, ya kuma yanke hukunci. A nawa ganin wannan sharaɗi ne ya kamata ya raba gardamar, kuma shi aka fi yin biris da shi idan ana tallata sabon tsarin.

Tsarin gargajiya yana tafiya ne daki-daki. Ana fara zama da mai aikin a tattara duk abin da yake so manhajar ta yi, a rubuta shi cikin kundin buƙatu, kowa ya sa hannu. Daga nan a zana fasalin manhajar, sannan a rubuta ta, sannan a miƙa wa masu gwaji, a ƙarshe a damƙa ta ga masu amfani. Ba a shiga mataki sai an rufe na bayansa, shi ya sa aka yi masa laƙabi da magangarar ruwa, tunda ruwan da ya gangara ba ya komawa sama. Abin mamaki a tarihinsa shi ne, maƙalar da ake yawan jingina shi gare ta, wadda injiniya Winston Royce ya gabatar a 1970, ta zana wannan jeri ne sannan ta yi gargaɗin cewa binsa a haka kasada ce, saboda gwaji yana zuwa a makare, har ma ya ba da shawarar a gina manhajar sau biyu, ta farkon don a koyi darasi. Zanen aka ɗauka, aka bar gargaɗin. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da wata ƙa'ida a 1985 wadda 'yan kwangilarta suka fahimta a matsayin umarnin bin wannan jeri, sai a 1994 ta maye gurbinta da wata da ta buɗe ƙofar gini kashi-kashi. A Birtaniya kuma tsarin PRINCE2, wanda ya fito a 1996, ya zama harshen manajojin ayyukan gwamnati, da matakansa da kwamitin da ke ba da izinin wucewa daga wannan zuwa wancan.

Kada a ɗauka waɗanda suka riƙe wannan tsari shekara da shekaru ba su san abin da suke yi ba. Yana ba mai kuɗi abin da zuciyarsa ta fi so tun kafin ya fitar da sisi, wato ya san abin da za a ba shi, da ranar da za a ba shi, da nawa zai biya. Yana barin takardu masu yawa, ta yadda idan injiniya ya ajiye aiki ya kama gabansa, wanda ya gaje shi yana da abin karantawa, kuma idan mai binciken kuɗi ya zo zai tarar da sa hannu a kowane mataki. Haka nan ba ya cin lokacin mai aikin, domin ana nemansa ne a farko da kuma ranar karɓa. Daga aikin gini da ƙere-ƙere aka aro shi, inda gyara bayan an zuba kankare yake nufin rushewa, kuma a can maganar tun ran gini ran zane ba ta da abokiyar musu.

Matsalar ita ce mutane ba su cika sanin abin da suke so daga manhaja ba sai sun taɓa ta. Na ga haka da idona a wani ƙaramin aiki da aka yi wa wani dilan magunguna, na manhajar lissafin haja da ciniki. Da manajan shagon aka zauna aka rubuta kundin, ya bi shi shafi-shafi ya sa hannu, tawaga ta ɓace wata shida tana aiki. Ranar miƙawa aka kira yaron da ke zama a kan kantar shagon domin a nuna masa. Ya yi ciniki biyu na gwaji lafiya lau, sannan ya jawo aljihun tebur ya zaro wani littafi mai baƙin bango da gefensa ya nannaɗe don tsufa, ya tambaya cewa masu ƙananan kemis da ke ɗaukar kaya da safe su kawo rabin kuɗi da yamma, ragowar kuma sai ranar Juma'a, a ina zai shigar da su? An gina manhajar ne a kan cewa kowane ciniki da biya yake rufewa, kuma wannan zato yana can cikin tushen ma'ajiyar bayananta, don haka gyaran ya ci kusan rabin lokacin da ginin farko ya ci. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sakaci. Manajan bai ambaci bashi ba ne saboda ya saba da shi har ya daina ganinsa, shi kuma yaron, wanda ya san inda ɗakin ke yoyo, ba a nuna masa komai ba sai da aka gama rufi. Daga nan aka shiga jayayya ta makonni kan ko wannan canji ne da mai shago zai biya, ko kuskure ne da tawaga za ta ɗauka.

Irin wannan ciwo ne ya tara mutum 17 daga cikin masu sana'ar a wani wurin shaƙatawa mai suna Snowbird a jihar Utah ta Amurka, a watan Fabrairun 2001, inda suka fitar da gajeriyar sanarwa mai fifiko huɗu da ƙa'idoji 12. Sun fifita mutane da mu'amalarsu a kan tsare-tsare da kayan aiki, manhaja mai aiki a kan tarin takardu, haɗa kai da mai aikin a kan cinikin kwangila, da karɓar canji a kan bin layin da aka riga aka shata. Sun kuma faɗa ƙarara cewa abubuwan da suka sa a baya suna da nasu amfanin, jumlar da masu ƙyuyar rubutu suke son a manta da ita. Sanarwar, wadda a cikinta aka raɗa sunan Ajayil, laima ce da aka yi wa hanyoyin da suka riga ta, kuma a cikinsu Sikiram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, shi ya fi yaɗuwa, shi ne ma mutane suka fi nufi idan sun ce sun koma Ajayil.

A Sikiram tawaga ƙarama ce, yawanci mutum 10 ko ƙasa da haka, wadda ta haɗa masu rubutu da masu gwaji da masu zane wuri guda. Ana raba aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, akasari ma mako biyu ake yi. A maimakon kundin da aka kulle, akwai jerin buƙatu da ke buɗe kullum a hannun mutum ɗaya, wanda za mu kira mai kaya, kuma shi ke da ikon cewa wannan ne farko, wancan ya jira. A farkon zango tawaga takan ɗebi abin da take ganin za ta iya gamawa. Kowace rana ana taro na minti 15, wanda da yawa suke yi a tsaye a gaban allon da aka raba gida uku, na abin da ke jira, da na abin da ake kai, da na abin da aka gama, kowace buƙata a kan 'yar takarda mai mannewa da ake ciro wa daga wannan gida a liƙa a wancan. A ƙarshen zango sai a kunna manhajar a gaban masu amfani su taɓa ta da hannunsu, sannan tawaga ta keɓe ta yi waiwaye kan abin da ya hana ruwa gudu. Da haka aka bi a aikin dilan magungunan, da littafin bashin nan ya fito daga aljihun tebur tun mako na biyu ko na huɗu, lokacin da gyaransa bai wuce aikin 'yan kwanaki ba.

Misalin da masu goyon bayan sauyi suka fi kafa hujja da shi shi ne na hukumar FBI ta Amurka, wadda ta so ta raba jami'anta da fayilolin takarda. Yunƙurinta na farko, wanda aka ɗora a kan kundin buƙatu mai shafi fiye da 800, an yi watsi da shi a 2005 bayan ya lashe kimanin dala miliyan 170, ba tare da ya taɓa zama kayan aikin hukumar ba. A 2006 aka sake sabon lale da manhajar Sentinel, aka ba kamfanin Lockheed Martin kwangilar, da kasafin dala miliyan 425 da matakai huɗu da za a kammala a ƙarshen 2009. Zuwa Agustan 2010 an kashe kusan miliyan 405 daga kasafin da ya riga ya hau zuwa 451, alhali matakai biyu kawai aka miƙa. Sai hukumar ta karɓe ragamar da kanta, ta rage ma'aikatan daga ɗaruruwa zuwa 'yan gomomi, ta zaunar da su a ginin hedikwatarta tare da jami'an da za su yi amfani da manhajar, ta yanyanka aikin zuwa ƙananan buƙatu 670, ana nuna abin da aka gama duk mako biyu. A Yulin 2012 Sentinel ta fara aiki a duk faɗin hukumar.

Masu ba da wannan labari sukan tsallake wasu wurare. Sabuwar tawagar ta yi alkawarin gamawa cikin kusan shekara guda, ba ta kuma cika ba, domin gwajin da aka yi da ɗaruruwan ma'aikata a Oktoban 2011 ya nuna na'urorin da ke ƙarƙashin manhajar ba za su ɗauki nauyin ba, sai da aka sayi sababbi. Haka kuma ba daga fili ta fara ba, ta gaji wasu sassa da aka riga aka gina, ta kuma gaji darussan shekara kusan goma na faɗuwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, abin da ya sauya ya zarce yawan taro da sunan tsari. Ikon yanke hukunci ne ya baro ofishin ɗan kwangila ya dawo ɗakin da ake rubuta manhajar.

Don a ga muhimmancin wannan sai a duba abin da ya faru a Birtaniya a daidai waɗannan shekaru, da shirin Universal Credit, wanda ya haɗe tallafi shida na marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi ya mayar da su ɗaya. Ma'aikatar ayyuka da fansho ta ce Ajayil za ta bi, abin da ba ta taɓa yi ba a aiki mai girman haka. Amma ranar fara aiki a faɗin ƙasa, Oktoban 2013, an riga an kafe ta daga sama, ginin yana hannun manyan kamfanonin kwangila, kuma babu cikakken hoton yadda shirin gaba ɗaya zai gudana. A Satumban 2013 ofishin binciken kuɗin ƙasa ya bayyana cewa an kashe fiye da fam miliyan 300 a kan manhaja da na'urori, an kuma riga an yi asarar aikin fam miliyan 34, ya kuma soki al'adar kai wa shugabanni labari mai daɗi kawai. Bayan an sake tsari ne wata ƙaramar tawaga ta cikin gida ta gina sabuwar manhaja, ta fara da yanki ɗaya a Sutton da ke kudancin Landan a ƙarshen 2014, ana faɗaɗawa sannu a hankali har ta kai dukkan ofisoshin neman aiki a Disamban 2018. Karo biyun duk Ajayil aka kira abin da ake yi. A karon farko an canza wa tuwo suna ne kawai.

To, abu na farko da mai zaɓi zai ɗora a kan ma'auni shi ne kwangila da hanyar fitowar kuɗi. Tsarin gargajiya yana kafe yawan abin da za a gina, ya ƙiyasta lokaci da kuɗi. Ajayil yana kafe lokaci da kuɗi, wato tawaga kaza na tsawon zango kaza, ya bar yawan abin da za a gina yana motsi, da alkawarin cewa mafi amfani shi za a fara gamawa. Kamfanin da ke gina manhajarsa ta kansa, da albashin ma'aikatansa, babu abin da zai hana shi karɓar wannan. Amma tawagar da ta sa hannu kan farashi tsayayye, da jerin abubuwa tsayayye, da rana tsayayya, sannan ta ce wa mai aikin yana iya sauya ra'ayi duk mako biyu, ta ɗaura wa kanta igiya ne, domin kowane sauyi daga aljihunta zai fito. Wannan ya shafi duk mai neman aikin gwamnatin tarayya a Najeriya, inda dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 ta ginu a kan bayyana abin da ake so tun farko, a yi gasa, a ba wanda ya cika sharuɗɗa da farashi mafi sauƙi. A irin wannan hali abin da zai yiwu shi ne a bar harsashin waje a kan tsarin gargajiya, da matakan biya da takardunsa, a yi ginin ciki zango-zango ana nuna wa masu amfani, kuma a roƙi a sa wata jumla a kwangilar da ta ba da damar musanya buƙata da wata mai nauyinta ba tare da ƙarin kuɗi ba. Gwamnatin Birtaniya ta bi wata hanyar bayan ta kafa sashen ayyukanta na intanet a 2011: ana raba aiki zuwa bincike, da gwajin farko, da gwaji da jama'a, da cikakken aiki, kuma sai an tantance wannan ake wucewa wancan. Wanda ke da ikon tsara kwangilarsa da kansa, wannan ce hanyar da zan ba shi shawara.

Na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne lokacin mai kaya da ikonsa. Tsarin gargajiya yana neman mai aikin na makonni kaɗan a farko, sannan ya sallame shi. Ajayil yana nemansa kullum, ya amsa tambaya yau, ya jera buƙatu gobe, ya halarci zaman nuni, kuma ya iya cewa a'a ga darakta idan buƙatar daraktan ba ita ce ta fi muhimmanci ba. Aiki ne mai cin rai. A aikin manhajar albashi na kamfanin motoci na Chrysler, wanda Kent Beck ya karɓi jagorancinsa a 1996 kuma ya zama makarantar farko ta ɗaya daga cikin hanyoyin Ajayil, matar da ta riƙe matsayin wakiliyar mai aiki ta bar shi saboda gajiya, aka rasa wanda zai maye gurbinta da kyau, kuma an dakatar da aikin a 2000. A ofisoshinmu kuma matsalar tana da wata fuskar da kowa ya sani. Akan naɗa ƙaramin ma'aikaci a ce shi ne mai kaya, amma duk tambayar da aka yi masa amsarsa ita ce bari ya ji ta bakin oga, oga kuwa yana Abuja sai mako mai zuwa. Zangon mako biyu da ya kwashe kwana shida yana jiran amsa ba zango ba ne. Haka taron safe, wanda aka shirya don abokan aiki su faɗa wa juna inda suka maƙale, yakan koma faretin kai rahoto idan babba ya tsaya a ciki, tunda ba kowane matashi ne zai iya buɗe baki a gaban na gaba da shi ya ce aikin da aka ba shi ya gagare shi ba. Idan shugaba ya san a ransa ba zai saki ikon nan ba, kuma ba zai ba da lokacinsa ba, gara ya zauna a tsarin gargajiya ya kyautata shi, misali ta hanyar gina samfurin gwaji a nuna wa masu amfani na ainihi kafin a kulle kundin, wanda shi ne abin da Royce ya faɗa tun farko.

Na uku shi ne ƙwarewar hannu, kuma a nan ne tawagogi da yawa suke yin gudun gara su faɗa gidan zago. Wanda zai taɓa manhaja duk mako biyu dole ya sami hanyar tabbatar da cewa sabon da ya ƙara bai ɓata tsohon ba. Idan mutum ne zai zauna ya bi kowane shafi da hannu, a zango na uku zai iya, a zango na ashirin gwajin kaɗai zai cinye makonni biyun. Shi ya sa gwaji mai sarrafa kansa, da haɗa aikin kowa wuri guda a kai a kai, da gyara tsarin ciki yayin da ake tafiya, suke zama sharaɗi. Inda babu su, watannin farko sukan yi daɗi, allo yana cika da takardun da aka gama, daga baya sai bashin gyara ya taru, kowane ƙaramin sauyi ya riƙa haifar da tangarɗa biyu. Sikiram bai ce komai a kan waɗannan dabaru ba, ya bar wa tawaga, kuma kwas ɗin kwana biyu da ake ba da takardar shaida a ƙarshensa ba ya koyar da su.

Sai yanayin da manhajar za ta rayu a ciki. Duk wanda ke gina manhajar biyan kuɗi a Najeriya lokacin da Babban Banki ya sanar da sauya fasalin naira a Oktoban 2022 ya ga yadda, zuwa farkon 2023, ƙarancin takardun kuɗi ya tura har mai shayi da mai kayan miya karɓar tiransifa, abin da ya juya jerin buƙatunsa sama ta koma ƙasa cikin 'yan makonni. Kundin wata 18 ba shi da abin cewa a irin wannan rana. Akasin haka, akwai ayyukan da buƙatunsu ba sa motsi, ko kuma kuskure a cikinsu rai yake ci. Manhajar da ke cikin jirgin sama tana bin ƙa'idar DO-178C, ta na'urorin asibiti kuma IEC 62304, kuma dukansu suna neman a iya bin sawun buƙatu daga rubutu zuwa gini zuwa gwaji. Ana iya aiki zango-zango a ƙarƙashinsu, ana ma yi, amma takardun ba sa raguwa, kuma ba a gwada rabin manhaja a jikin majiyyaci don a ji ra'ayinsa. Haka aikin kwashe bayanai daga tsohuwar ma'ajiya zuwa sabuwa, ko haɗa manhaja da wata bisa ƙa'idar da wani ya riga ya rubuta: an san farkonsa an san ƙarshensa, jadawali na gargajiya ya wadatar.

Girman tawaga ma yana da ta cewa, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Tsakanin mutum 10 akwai hanyoyin magana 45, tsakanin mutum 50 kuwa 1,225, lissafin da Fred Brooks ya yi amfani da irinsa a 1975 don nuna cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi. Ajayil na ƙananan tawagogi ne asalinsa, kuma duk dabarun da aka ƙirƙiro don faɗaɗa shi suna dawo da wani abu na tsarawa daga sama ta ƙofar baya. Bankin ING na Holan ya sauya hedikwatarsa a lokaci guda a 2015, ya raba ma'aikata zuwa ƙananan rukunai kusan 350 masu mutum tara-tara, har sai da mutane suka sake neman guraben aikinsu. Wannan ƙarfin hali ne na mai aljihu mai zurfi, ban kuma ga dalilin da zai sa kamfani mai injiniya 30 ya kwaikwaye shi ba.

Akwai kuma hanya ta uku da ake mantawa da ita. Tawagar da aikinta kula da manhajar da ta riga ta fita ne, tana karɓar ƙorafi da gyare-gyare da ba a san lokacin zuwansu ba, zangon mako biyu takura ce gare ta, domin shirin ranar Litinin ya wargaje kafin Laraba. Kanban, wanda aka aro daga masana'antar Toyota, kuma David Anderson ya fara gwada shi a aikin manhaja a Microsoft a 2004, bai nemi a sauya muƙamin kowa ba. Abin da ya nema shi ne a fito da aiki a kan allo, a kuma iyakance yawan abin da ake kai a lokaci ɗaya, kada a ɗauki sabo sai an sauke wani. Ga tawagar da ke tsoron girgiza, nan ne wurin farawa mafi arha.

Wanda ya auna duk waɗannan ya ga buƙatunsa masu motsi ne, kuɗinsa a hannunsa suke, yana kuma da mutumin da zai ba wa wuƙa da nama, to ya sauya, amma da tawaga ɗaya da manhaja ɗaya, wadda ke da masu amfani na gaske da za a iya kira su zo su gani. Kada ya fara da aikin da ya riga ya ci kashi uku cikin huɗu na hanyarsa a tsohon tsari, wannan a bar shi ya ƙarasa yadda ya faro. Manajan aikin da ke nan kada a wayi gari a ce masa ya zama mai kula da tsarin Sikiram alhali yana ci gaba da raba wa kowa aikinsa kamar da. Sau da yawa saninsa na kasafi da kwangila da mu'amala da manya ya fi amfani idan ya tsaya tsakanin tawagar da sauran kamfanin, inda har yanzu ake neman rahoton wata-wata da ranar gamawa. Kada kuma a yi gaggawar ɗaukar tarin ma'aikata masu sababbin laƙabi: bankin Capital One na Amurka ya soke guraben aiki kusan 1,100 na masu kula da Ajayil a Janairun 2023, yana cewa aikin ya kamata ya narke cikin aikin injiniyoyi na yau da kullum. Makin da tawaga ke ba buƙatu don ƙiyasin nauyinsu nata ne ita kaɗai, ranar da shugaba ya fara gwada makin wannan tawaga da na waccan, ranar makin zai fara kumbura ba tare da aikin ya ƙaru ba.

A ba gwajin zango shida, wato kimanin wata uku, sannan a duba abubuwan da ba a iya yi musu kwalliya: kwana nawa buƙata take yi daga ranar da aka amince da ita zuwa ranar da ta isa hannun mai amfani, tangarɗa nawa ke dawowa bayan an saki manhaja, da kuma sau nawa abin da aka gani a zaman nuni ya sa aka sauya jerin buƙatu. Idan a cikin zaman nuni shida mai kaya ya halarci biyu, ko kuma jerin yana nan yadda aka rubuta shi a ranar farko, to a dakata da faɗaɗawa zuwa tawaga ta biyu, a koma ofishin wanda ya naɗa mai kayan a yi maganar da shi.